Tambayar da Malama Je-ka-gida Ta Dawo da Ita

Kafin masu shara su gama da barandar bene na biyu ta riga ta iso. Jakarta a kafaɗa, wata babbar leda a hannu cike da babukan kundin binciken ɗalibai da ta tafi da su gida jiya. Ofishinta shi ne na ƙarshe a Sashen Turanci, dab da matakala, mai tagar nan da ba ta rufuwa sai an danna ta da gwiwar hannu. Ta buɗe ƙofa, ta jona butar shayi, ta tura takalmanta ƙarƙashin tebur ta zura silifas, sannan ta ɗauko jan biro. Shayin kuwa sau da yawa a kofi yake hucewa, domin kafin ta kai shi baki an ƙwanƙwasa ƙofa. Haka ta yi shekara talatin da 'yan kai, kuma a ƙarshen zangon karatun da ya wuce ta yi ritaya.

Ɗaliban digiri na biyu da na uku take koyarwa. Fanninta nazarin zance ne: yadda mutane ke magana da juna, wa ke farawa, wa ke katse wa wani hanzari, me ake faɗa kuma me ake haɗiyewa, a baki ne ko a cikin littattafan adabi, da yadda al'ada ke tsoma hannu a ciki. A takarda sunan darasin nata dogo ne, da Turanci mai cika baki. A baranda kuwa babu mai kiran sa da wannan suna, ita ma babu mai kiran ta Dakta. Malama Je-ka-gida ake ce mata, a bayan idonta da farko, daga baya har a gabanta.

Ta bar aiki ba ta zama farfesa ba, kuma duk sashen an san dalili. Akwai littafi guda da ta ɗauri niyyar rubutawa tun tana sabuwar malama, a kan zancen mahaifiyarta: yadda tsohuwar take ba da labari, yadda take yi wa mutum faɗa har ya yi mata godiya, da abin da ke zubewa a hanya idan aka kwaso irin wannan magana aka zuba ta a Turanci. Littafin nan shi ne burinta, shi ne kuma matakin da ya rage mata. Ba a rubuta shi ba. Wannan jinjina ce, amma ba za a ɓoye cewa da takaici aka rubuta ta ba.

Sunan nan nata daga wata doka ya samo asali. Kowace Laraba da hantsi takan tara ɗalibanta a ɗaki mai dogon tebur, kuma ba ta karɓar babi daga hannun kowa sai ya cika sharaɗi ɗaya. Sai ka je gida ka sami wani babba da bai taɓa zama a aji irin naka ba, uwa ko uba ko goggo, ka zauna gabansa ka yi masa bayanin babin da harshen da aka yi maka raino da shi. In ka gama, ka yi shiru ka jira ya tambaye ka wani abu. Wannan tambayar ita za ka kawo zaman Laraba, ka faɗe ta a gaban kowa kafin a buɗe shafi ko ɗaya.

Ba kowace tambaya ce mai amfani ba, ita ma ta sani. An sha kawo mata "Yaushe za ka gama?" da "Wai ka ci abinci kuwa?" Takan yi dariya ta ce ita ma tambaya ce, a zauna. Abin da take so shi ne ɗalibi ya ji maganarsa da kunnensa ba tare da rigar Turanci ba, domin a nan ne mutum ke gane ko yana da abin faɗa ko kuwa kalmomi kawai ya jera.

Wanda ya fi kowa tsanar dokar shi ne wani saurayi da ake yi wa laƙabi da Ɗan-ƙamus, saboda in ya buɗe baki sai abokansa sun nemi fassara. Bincikensa a kan hirar likita da majinyaci ne, a asibitin da likitoci ke aiki da Turanci ana yi musu tafinta. Ya kawo babi mai kauri ya ajiye gabanta yana hura hanci. Ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Ka je gida?"

"Malama, tsohuwata fa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Me za ta gane a wannan?"

"Ban ce ta rubuta ba. Kunne gare ta, ko?"

"Wallahi Malama, waɗannan kalmomin ba su da fassara."

"To ka bar su a tasha, ka shiga gida da abin da ya rage. In babu abin da ya rage, ka dawo ka gaya mini, sai mu san inda muka dosa."

Ya tafi yana ƙunƙuni. Da ya dawo, bai ɗaga kai sosai ba. Ya ce ya yi ta bayani har gumi ya keto masa, tsohuwar tana tsince wake tana jin sa, daga ƙarshe ta ce, "Shi mara lafiyar, ana barin sa ya kai ƙarshen maganarsa?" Shi kuma bai sani ba, domin bakin likita kaɗai ya yi ta bi. Malama ta ce ya koma kan faya-fayan hirar da ya naɗa a asibiti ya saurara. A kan wannan tambaya ya sake gina kundin nasa, ita kuma ta bi shi layi-layi da jan biro har ya tsaya da ƙafarsa. Yau Ɗan-ƙamus farfesa ne, shi ne ma shugaban sashen, kuma har yanzu in ya tsunduma cikin manyan kalmomi a taro, ya hango ta, sai ya yi tari ya sauko.

Malama, ke ce wadda ba ta taɓa ce wa ɗalibi daƙiƙi ba, ko da kuwa babinsa ya ci a faɗa. Ke ce mai mayar da takarda ja-wur, amma a ƙasa kin rubuta wuri ɗaya da aka yi daidai, don mutum ya sami abin riƙewa a hanyar komawa ɗaki. Uwar marasa mai dubawa. Duk ɗalibin da malaminsa ya sami aiki a wani wuri ya watsar da shi, ƙofarki ake nuna masa, kuma ba a taɓa jin kin ce hannunki ya cika ba, alhali ya cika ɗin.

Mahaifiyarta tana zaune a ɗaya gefen gari tare da ƙanwar Malama, a gida mai ƙaramin tsakar gida da igiyar shanya. Kowa Inna yake ce mata. Ita kuwa Inna, tun ranar da 'yarta ta fara kawo littattafan Turanci gida ta raɗa mata Baturiya, bakinta bai sake kiran ta da wani suna ba. Tsohuwa ce mai baki. In ta fara labari, maƙwabciyar da ta shigo aron wuƙa sai tukunyarta ta ƙone.

A farkon aikinta Malama ta taɓa zuwa da rikoda ta ajiye a gefen tabarma. Inna ta dubi abin, ta dubi 'yarta, ta ja bakinta ta tsuke.

"Inna, ki yi magana kawai kamar yadda kika saba."

"Ni ba na hira da akwati. In kina son ji, ki zo ki zauna, ki naɗe ƙafa, ki bar duba agogo. Amma kin shigo da jaka a kafaɗa kamar mai karɓar haraji."

"To Inna, bari in sallami ɗalibin nan da ke hannuna, sai in zo mu zauna sosai."

"Allah ya kai mu, Baturiya."

Ta sallami ɗalibin. Kafin a gama ɗaukar hotonsa da rigar yaye, wani ya riga ya zauna a kujerar da ya tashi. Ba wai ta daina zuwa gida ba ne. Tana zuwa, ta kawo magani da sabulu, ta gaisa, ta duba rufin ɗaki in damina ta kusa, amma kullum da ledar babuka a mota tana jiran ta. Zaman da Inna ta nema, na naɗe ƙafa, shi ne aka yi ta ɗagawa daga hutu zuwa hutu.

Ana nan sai ga wata ɗaliba da ake kira Shiru-shiru, mai nazarin yadda ake siffanta mata a littattafan ƙirƙira na Turanci. Laraba ta zo ta wuce, wata ta zo, ba ta kawo tambaya ba. Malama ta tsayar da ita a baranda bayan an watse.

"Ke fa, ina taki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ni ba ni da wanda zan je wurinsa. Duk sun rasu. A gidan mutane na tashi."

Sai Malama ta yaga gefen wata takarda ta zana mata kwatancen hanya, ta ce, "Je ki nan. Ki ce Baturiya ce ta aiko ki. Kada ki tafi da rikoda, kuma kada ki duba agogo."

Da azahar yarinyar ta je, sai da la'asar ta yi sanyi ta fito. Ranar Laraba aka ji muryarta a ɗaki mai dogon tebur, wasu ma ranar suka fara jin ta. Ta ce Inna ta saurare ta tsaf, sannan ta ce, "Su matan da ke cikin littafin, in an karanta musu za su gane kansu?" Daga nan kuma tsohuwar ta ɓalle da labarai har aka manta da abin da ya kawo ta.

Tun daga ranar hanya ta buɗe. Marayu suka je, waɗanda garinsu ke da nisa suka je, har da masu iyaye a raye da suka ji daɗin labari suka riƙa saɗaɗawa. Aka koma kiran ta Innar sashe. Ɗan-ƙamus kansa, da ya zama ƙaramin malami, ya kai mata babinsa na digiri na uku, ta ce masa ya rage sauri ba kora ake yi ba. Ɗalibai bila adadin sun naɗe ƙafa a kan tabarmar nan. Mai aiko su ce kaɗai ba ta samu ta zauna ba, kuma in suka dawo suna ba ta labarin abin da Inna ta ce, takan yi murmushi ta ce a ranta ai nata zaman yana nan tafe, wanda ya fi na kowa tsawo.

A nan mai rubutu zai ɗan yi fushi, a yi masa afuwa. Kwamitin ƙarin girma littattafai yake dubawa, kuma sunanta ba ya bangon ko ɗaya. Yana ciki, a shafin godiya, inda babu mai ba shi maki. Waɗanda ta koya wa riƙe biro suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya, ta je bikin kowannensu da sabon mayafi ta yi tafi. An yi ta ce mata ta nemi hutun bincike, ana faɗa ana miƙo mata sabon ɗalibi da ɗaya hannun. Babu wanda ya yi mata mugunta da gangan. An dai ga mai ɗauka ce, aka yi ta ɗora mata.

Shekarun baya kaɗan ƙanwarta ta zo har ofis, abin da ba ta saba ba. Ta zauna a kujerar ɗalibai, ta ƙi shan shayi.

"Yaya, Inna fa ta fara sauyawa. Jiya ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga kasuwa."

Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Malama ta ajiye biro.

"Tsufa ne. Amma da na zo ranar nan ai lafiya lau muka gaisa."

"Gaisuwa ai ba ta ɓace mata ba. Labari ne take farawa ta tsaya a tsakiya tana kallon bango. In kina da abin da za ki ji a bakinta, Yaya, ki zo yanzu. Na dai gaya miki."

A lokacin akwai wani magidanci a hannunta, wanda malaminsa ya tafi ya bar shi, wa'adin karatunsa kuma ya zo ƙarshe. In bai kare kundinsa a wannan zangon ba, za a sallame shi hannu wofi bayan shekarun da ya zuba. Ta dubi babukansa a kan tebur, ta dubi ƙanwarta. Ta ce da zarar ya shiga gaban masu jarrabawa ya fito, za ta tattara komai ta dawo gida. Mutumin ya kare kundinsa, ya fito yana hawaye yana yi mata addu'a. Sai dai a bayansa akwai mai juna biyu da ke son gamawa kafin ta haihu, a bayanta kuma akwai wani.

Ranar Lahadin da ta gabaci zaman Larabarta na ƙarshe Malama ta tashi ta tafi gidan Inna. Ba leda, ba jaka, agogon ma a kan madubi ta baro shi. Ta sami Inna a tsakar gida, a inuwar katanga, ta rame amma fes da ita, an ɗaura mata kallabi mai kyau. Malama ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta naɗe ƙafa duk da gwiwa na yi mata ciwo. Ta gaishe ta, Inna ta amsa da fara'a.

Sai ta yi abin da ta sa ɗaruruwan mutane suka yi. Ta yi wa mahaifiyarta bayanin littafinta da harshen gida, tun daga farko. Ta gaya mata tana son ta rubuta yadda wata tsohuwa ke jan labari, inda take tsayawa ta bar mai sauraro ya matsu, yadda take sauya murya in ta zo kan mugun mutum, da dalilin da ya sa in an mai da shi Turanci sai ya zama kamar an wanke shi da ruwa. Ba ta taɓa faɗin sa a fili haka ba, kuma tana faɗa tana jin cewa littafin mai kyau ne, da an rubuta shi. Inna tana gyaɗa kai, tana cewa "to" a inda ya dace. Da ta gama ta yi shiru ta jira, kamar yadda doka ta ce.

Inna ta dube ta da kyau, ta ce, "Sannu, yarinya, kin iya bayani. To ke 'yar gidan wa ce?"

"Inna, ni ce. Baturiya ce."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya, irin ta wanda yaro ya so ya zolaya. "A'a, Baturiya tana makaranta. Ta ce in ta sallami ɗalibinta za ta zo mu zauna. Ki jira ta mana, ba za ta daɗe ba."

Ƙanwar tana bakin ɗakin girki da tsintsiya a hannu. Ta jingine tsintsiyar ta koma ciki.

Ranar Laraba ɗaki mai dogon tebur bai ɗauki mutane ba, har baranda aka tsaya. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga wurare daban-daban, wasu da furfura. Aka yi jawabai, aka ba ta agogon bango, aka yi ta dariyar tambayoyin da aka taɓa kawowa. Can sai shugaban sashe, Ɗan-ƙamus, ya so ya rama tsohuwar tsiya. Ya gyara murya ya kwaikwayi tata.

"Malama, ke fa? Kin je gida?"

Aka fashe da dariya. Ta bari ta lafa, ta ce, "Na je, ranar Lahadi."

"To me aka tambaye ki?"

"Ta tambaye ni 'yar gidan wa ce."

Wasu sun fara dariya, suna zaton wasa ne, sai suka ga fuskarta. Ɗan-ƙamus ya cire gilashinsa ya rasa inda zai ajiye shi. Ta ce masa kada ya damu, tambaya ce kamar kowace, kuma dokar ba ta ce sai mai daɗi za a kawo ba.

Shiru-shiru ce ta fara magana, yanzu ita ma malama ce a wata jami'a. Ta ce, "Malama, ni Inna ta taɓa ba ni labarin ranar da ta kai ki makaranta kika riƙe mata zane kika ƙi saki. Ina riƙe da shi, har yadda ta yi muryarki." Ta soma faɗa da Turanci, don shi aka saba yi a ɗakin. Malama ta ɗaga hannu.

"Da harshen da ta faɗa miki."

Ta sake farawa. Bayanta wani ya ce shi ma yana da guda, wata ta ce nata rabi ne, ta manta ƙarshen. Ranar an wuce lokacin tashi, babu wanda ya motsa. Amma kada a yi wa mai karatu daɗin baki: gutsattsari ne. Kowa ya kawo abin da ya tsinta, a bakinsa, da muryarsa. Inda Inna take tsayawa ta bar mutum ya matsu, da abin da za ta faɗa wa 'yarta wanda ba za ta faɗa wa baƙo ba, wannan babu wanda ya zo da shi. Ko an haɗa littafi daga abin da aka tara, ba shi ne wanda ta so rubutawa ba, kuma ita ta fi kowa sanin haka.

Malama, mun gode. Ke ce kika ba mutane lokacinki har naki ya ƙare, kika ba marayu uwa alhali ke kina marmarin ta. Allah ya saka miki da alheri, ya ba Inna sauƙi, ya sanyaya miki zuciya. Ku kuma malaman da ke tasowa, ku ɗauki dokarta ku riƙe, kada zaman Laraba ya mutu don ta tafi. Ku karɓi ɗalibin da aka yasar, ku karanta masa babi kamar naku ne. Idan kuma kun ga mai ɗauka a cikinku, ku rage masa kaya tun yana da sauran lokaci. Abu ɗaya ne ita da bakinta ta ce kada a koya a wurinta: duk mai tsohuwa a gida da ke da magana a baki, ya je yau, ɗalibi zai jira.

Wanda ke son gaishe ta kada ya nufi ofishin nan na kusa da matakala, an riga an ba wani. Ya bi kwatancen da ta taɓa zana wa Shiru-shiru. Kullum da la'asar tana can a inuwar katanga, ba jaka ba agogo, ta naɗe ƙafa kusa da Inna, su biyu suna jiran Baturiya ta sallami ɗalibinta ta zo.